Yadda Ƙwayar Bakteriya Ke Laluben Abinci

A shekarun 1880, wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Wilhelm Pfeffer, wanda yake koyarwa a garin Tübingen, ya yi wani gwaji mai sauƙi da har gobe ake maimaita irinsa a ɗakunan bincike. Ya samu bututun gilashi siriri ƙwarai, ya ɗura masa romon nama, ya liƙe baki ɗaya, ya tsoma ɗaya bakin a cikin ɗigon ruwan da bakteriya ke ta iyo a ciki. Da ya sa ido a madubin ƙara girma, ba a jima ba sai ga ƙwayoyin sun yi cincirindo a bakin bututun, wasu har sun kutsa ciki. Da ya sauya romon da asid ko barasa kuwa, sai bakin bututun ya zama wayam. A zamani guda, can a Utrecht ta ƙasar Holan, Theodor Engelmann ya lura cewa bakteriya suna taruwa a gefen kumfar iska saboda oksijin. Har ya mai da wannan hali nasu ma'auni: a 1882 ya rarrabe haske zuwa launukansa, ya haska shi a kan zaren gansakukar ruwa, sai ƙwayoyin suka taru a inda ja da shuɗi suka sauka. Da haka ya nuna launukan da tsiro ya fi amfani da su wajen fitar da oksijin.

Ganin abin bai yi wahala ba, bayaninsa ne ya ci kusan shekara 90. Ƙwayar da aka fi yin nazari a kanta ita ce E. coli, mazauniyar hanjin ɗan Adam, wadda likitan yara Theodor Escherich ya fara bayyanawa a 1885. Tsawonta kamar maikromita 2 ne, wato sai an jera 500 kafin a cika milimita ɗaya. Ba ido, ba hanci, ba jijiya ko ɗaya, balle ƙwaƙwalwa. Duk da haka takan kai kanta inda abinci ya fi yawa, ta kuma kauce wa guba. Masana suna kiran wannan hali kemotaksis. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a lamarin shi ne, tun daga tashinta har isarta, ƙwayar ba ta taɓa sanin ta ina abincin yake. Tambaya ɗaya tal take iya amsawa: yanzu ya fi ɗazu kyau, ko kuwa? Da wannan tambaya, da ɗan tunin da bai wuce sakan huɗu ba, take yin duk abin da Pfeffer ya gani.

Wanda ya farfaɗo da maganar bayan ta daɗe a kwance shi ne Julius Adler na Jami'ar Wisconsin a Amurka, a shekarun 1960. Kafin shi, zaton da ya fi rinjaye shi ne amfanin abincin ne yake jan ƙwayar: ta ci, ta samu ƙarfi, ƙarfin ya shafi tafiyarta. Adler ya ɗauko bututun Pfeffer ya ƙara masa lissafi, ya riƙa ƙirga ƙwayoyin da suka shiga ciki bayan wani lokaci. A 1969 ya wallafa sakamakon da ya rushe wancan zato. Ya gwada ƙwayoyin da suka rasa ƙwayar gadon narkar da sukarin galaktos, waɗanda ba sa amfana da shi ko kaɗan, amma suka yi ta rububin zuwa wurinsa kamar sauran. Ya sa musu wani sukari mai kama da shi, D-fukos, wanda E. coli ba ta iya ci, shi ma suka bi shi. Sannan ya ba su giliserol, abincin da suke ci har su hayayyafa a kansa, amma ko kallo bai ishe su ba. Ke nan ci daban, sansano daban. A jikin fatar ƙwayar akwai wasu furotin da aikinsu kawai su gane siffar sinadari idan ya manne musu, su kai labari ciki.

Daga baya aka ƙirga su. E. coli tana da iri biyar. Tsr yana sansano serin, Tar yana sansano asfatet da sukarin maltos, Trg yana jin ribos da galaktos, Tap yana jin gutsattsarin furotin, Aer kuma yana sa ido kan numfashin ƙwayar, ta nan take bin oksijin. Serin da asfatet, waɗanda dukansu tubalan gina furotin ne, su suka fi jan ta. Jerin gajere ne idan aka kwatanta da yawan abin da take iya ci. Ba ta bin kowane abinci ɗaya bayan ɗaya, wasu 'yan alamu take bi, irin waɗanda inda duk suka yi yawa da wuya a rasa sauran kayan ci a kusa.

Kafin a gane yadda take zaɓar hanya, dole a gane yadda take motsi, domin ruwa a wurin halitta mai wannan ƙanƙanta ba irin ruwan da muka sani ba ne. Mai iyo idan ya daki ruwa da ƙafa sau ɗaya, nauyin jikinsa zai ci gaba da kai shi gaba. Ƙwayar bakteriya ba ta da nauyin da zai yi mata haka. Kaurin ruwan ne yake da iko da komai. Masanin fizis Edward Purcell ya yi lissafin a wata laccarsa da aka buga a 1977: da ƙwayar za ta kashe injinta tana cikin gudu, tazarar da za ta ƙara kafin ta tsaya cak ba ta kai faɗin ƙwayar zarra ɗaya ba. A irin wannan hali, kaɗa wutsiya mai tauri dama da hagu ba ya kai ka ko'ina, abin da ka samu a tafiya shi za ka mayar a dawowa. Sai dai motsin da ba ya warware kansa, kamar murza abu mai murɗiya ta fuska ɗaya ba tsayawa.

Abin da E. coli take yi ke nan. A jikinta akwai wutsiyoyi kamar huɗu zuwa shida, kowace ta ninka tsawon jikin sau da yawa, kowace kuma a murɗe take irin murɗiyar sukuru. A gindin kowace wutsiya, a cikin fatar ƙwayar, akwai inji mai juyawa, faɗinsa kamar nanomita 45 (nanomita 1,000 ne ke cika maikromita ɗaya). An daɗe ana ɗauka wutsiyar kaɗawa take yi. A 1973 Howard Berg da Robert Anderson suka kawo hujjar cewa juyawa take yi kamar farfela, a 1974 kuma Michael Silverman da Melvin Simon suka nuna haka ido da ido. Sun manne wutsiyar da jikin gilashi yadda ba za ta iya motsi ba, sai ga jikin ƙwayar gaba ɗaya yana katantanwa a kanta, wani lokaci ta nan, wani lokaci ta can. Ƙarfin injin daga ƙwayoyin haidirojin masu caji yake zuwa: ƙwayar tana tura su waje lokacin numfashi, su kuma suna komawa ciki ta cikin injin, shigarsu ce take juya shi. Wutsiyar kan zagaya kusan sau 100 a sakan, ta tura ƙwayar maikromita 20 zuwa 30 a sakan, fiye da tsawon jikinta sau goma. Akwai wani abu a gininta da nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa: daga baki take tsiro, ba daga gindi ba. Cikinta rami ne, kowane sabon tubali sai ya bi ramin har ƙarshe kafin ya zauna a gurbinsa, kuma tubalan wutsiya ɗaya sukan kai 20,000.

Idan duk injinan suna juyawa saɓanin hannun agogo, wutsiyoyin sukan naɗe wuri ɗaya a bayan ƙwayar su tura ta gaba. Wannan shi ne gudu. Idan ɗaya ko fiye suka koma bin hannun agogo, ƙullin sai ya warware, ƙwayar ta wuntsila a inda take, ta fuskanci wata nahiya dabam da ba ita ta zaɓa ba. Iyakar abin da take da iko da shi ke nan: ta ci gaba, ko ta wuntsila. Ba ta da hanyar karkata dama ko hagu da gangan.

Berg ne ya fara ganin tsarin tafiyar dalla-dalla. Matsalar kallon bakteriya ita ce cikin ƙiftawar ido take fita daga inda madubi ke gani. Sai ya ƙera madubin da ke bin ƙwaya ɗaya da kansa: duk inda ta nufa, na'urar tana matsar da akwatin ruwan gaba ɗaya ta ɗaya ɓangaren don ƙwayar ta zauna a tsakiya, tana rubuta matsayinta fiye da sau goma a sakan. A 1972 shi da Douglas Brown suka fitar da taswirar. A ruwan da ko'ina daidai yake, ƙwayar kan yi gudu na kusan sakan ɗaya, ta wuntsila na kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan, ta sauya fuska da kimanin digiri 68 a matsakaici, ta sake gudu. Tafiya ce ta kame-kame, ba gaba ba baya. Da suka sa serin ko asfatet ya fi yawa a wani gefe, abu ɗaya ne ya canza: duk gudun da ya dace da inda abincin ke ƙaruwa sai ya ɗan fi tsawo. Gudun da ya nufi baya kuwa yana nan kusan yadda ya saba. Wuntsilawar tana nan a makance kamar da. Amma idan ka tara ɗaruruwan gudu, waɗanda suka nufi gabas sun ɗan fi na yamma tsawo, ƙarshenta gabas za ka tsinci kanka.

To ta yaya ta san abincin yana ƙaruwa? Hanya biyu ce ke akwai. Ko ta kwatanta abin da kanta ke ji da abin da bayanta ke ji a lokaci guda, ko ta kwatanta yanzu da ɗazu. Farin jinin jikinmu, wanda ya fi ta girma nesa ba kusa ba, hanya ta farko yake bi idan yana farautar cuta. Ga E. coli lissafin bai yi kyau ba. A ce yawan sinadarin yana ninkawa a tazarar milimita ɗaya: bambancin da ke tsakanin kanta da bayanta zai zama kamar kashi biyu cikin dubu, kuma ƙwayoyin sinadarin suna zuwa suna tafiya ba tsari, har wannan ɗan bambanci ya ɓace a cikin hayaniyarsu. Amma idan ta yi gudun sakan ɗaya, ta auna wurare biyu da ke nesa da juna sau goma na tsawon jikinta.

Robert Macnab da Daniel Koshland ne suka raba gardamar a jami'ar Berkeley ta Amurka, a 1972 ɗin nan dai. Sun ɗauki Salmonella, 'yar uwar E. coli, suka gauraya ta cikin gaggawa da ruwan da ya fi yawan abinci, ruwan da ko'ina a cikinsa daidai yake, ba gefen da ya fi wani. Da kai da baya take kwatantawa, da ba abin da zai faru. Amma sai ƙwayoyin suka daina wuntsilawa, suka miƙe santal kamar waɗanda suka samu hanya. Bayan ɗan lokaci suka koma halinsu na da. Da aka jefa su ruwan da bai kai nasu ba, sai suka yi ta wuntsilawa, daga nan su ma suka daidaita. Gwajin ya nuna abu biyu a tare: lokaci suke aunawa, kuma suna sabawa.

A ɗauka mutum ne da dare, an ɗauke wuta, iska ba ta kaɗawa, yana neman mai tsire da hanci kawai. Ya yi taku biyar, ya shaƙa. Idan ƙamshin ya ƙaru, ya ƙara taku. Idan bai ƙaru ba, ya juya duk inda ƙafa ta kai shi. Zai yi yawo, zai koma baya sau da yawa, amma zai isa. Sai dai akwai sharaɗi: dole hancinsa ya riƙa sabawa da ƙamshin inda yake, kamar yadda shi mai tsiren ya daina jin hayaƙinsa. In ba haka ba, da zarar ya matso kusa ƙamshi zai cika masa hanci, ya kasa bambance taku mai kyau da maras kyau a daidai inda ya fi bukatar bambancewar.

A cikin ƙwayar, furotin shida ne suke wannan aiki. Masu sansanon nan suna taruwa dubbai a wuri ɗaya, galibi a ƙarshen jikin ƙwayar, a jere cikin tsari mai kusurwa shida. A ƙarƙashinsu akwai CheW da ke haɗa su da CheA. Aikin CheA shi ne ya riƙa liƙa wa wani ƙaramin furotin, CheY, alamar fosfet. CheY mai alama yana yawo a cikin ƙwayar har ya tarar da gindin inji, ya manne, injin ya juya baya, ƙwayar ta wuntsila. CheZ kuma yana bi yana goge alamar, don kada tsohon saƙo ya daɗe yana yawo. Idan serin ko asfatet ya manne wa mai sansano, CheA sai ya lafa, CheY mai alama ya ragu, injinan su ci gaba da juyinsu na gudu. Duk wannan a cikin kamar kashi biyu cikin goma na sakan. Saboda masu sansanon a cunkushe suke suna taɓa juna, ɗaya idan ya ji abu yakan shafi maƙwabtansa, saƙon ya ninku sau gommai. Shi ya sa canjin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a yawan waɗanda sinadari ya manne wa yake isa ya sauya tafiyar.

Sauran biyun, CheR da CheB, su ne tunin. Kuma hanyar gano su tana da ban sha'awa. Tun a shekarun 1960 aka lura a ɗakin binciken Adler cewa ƙwayoyin da aka hana wa metiyonin, wani tubalin gina furotin, suna iyo lafiya lau, amma sun daina wuntsilawa. Sai a 1975 aka gano dalili: daga metiyonin ake samun wata ƙaramar alama, metil, da ake liƙa wa masu sansanon. In ban da Aer, kowane mai sansano yana da gurabe huɗu ko biyar na wannan alama. CheR yana liƙawa sannu a hankali, CheB yana cirewa, kuma CheB ba ya aiki sosai sai CheA ya zaburar da shi. Ga yadda abin ke zagayawa: abinci ya ƙaru, CheA ya lafa, CheB ma ya lafa, alamun metil suka fara taruwa, taruwarsu kuma tana sake tayar da CheA har ya koma daidai inda yake tun farko. Don haka yawan metil a jikin mai sansano rubutaccen tarihi ne na yawan abincin da ƙwayar ta ji ɗazu, abin da ya manne masa a yanzu kuma shi ne labarin yanzu. Mannewar tana faruwa nan take, liƙa metil yana ɗaukar sakanni. A cikin wannan tazara kwatancin yake faruwa. A 1986 Jeffrey Segall da Steven Block da Berg suka auna shi: ƙwayar tana ɗora sakan ɗaya na ƙarshe a kan sakan uku da suka gabace shi.

A ganina nan ne zuciyar maganar. Mantuwar da ƙwayar ke yi ita ce ta ba ta damar aiki a wurare masu bambancin gaske, daga ruwan da kusan babu komai a cikinsa zuwa wanda ya ninka shi sau 100,000. Kuma sabon nata daidai yake dawowa, ba ragi ba ƙari, musamman ga asfatet. A 1997 Naama Barkai da Stanislas Leibler suka nuna da lissafi cewa wannan daidaito daga tsarin haɗin furotin ɗin yake fitowa, ba sai an auna yawan kowanne tsaf ba. A 1999 su da Uri Alon da Michael Surette suka gwada: suka ninka yawan CheR har sau 50, saurin sabawar ya canza, yawan wuntsilawa ya canza, amma komawa daidai inda aka faro bai canza ba. Injiniyoyi sun gane tsarin da suka gan shi, domin irinsa suke sawa a na'urorin da ke riƙe zafi ko gudu a ma'auni ɗaya.

Me ya sa sakan huɗu, ba arba'in ba? Saboda ƙwayoyin ruwa suna ta bugun ta ta ko'ina, har a cikin kamar sakan goma ta karkace daga hanyarta da kusan digiri 90 ba tare da ta wuntsila ba. Tunin da ya wuce haka labarin wata hanya ce da ta riga ta bari. Wanda bai kai sakan ɗaya ba kuma bai isa ta tara ƙwayoyin sinadarin da za ta yi ƙirga mai inganci da su ba. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu tsawon gudunta da tsawon tuninta suka zauna. Purcell ya ƙara da cewa gudun ba ya ƙara mata abin da take kamawa a hanya, tunda abincin da kansa yake watsowa gare ta. Don ta ƙara kashi goma cikin ɗari ta hanyar sauri, sai ta ninka gudunta sau 20. Amfanin tafiyar kawai shi ne sauya wuri.

Idan aka bar ƙwaya ɗaya aka dubi taro, wani abu ne kuma ke bayyana. A ɗiga E. coli a tsakiyar faranti mai abinci mai laushi, a bar shi wasu awoyi, za a ga zobba suna faɗaɗa zuwa gefe, ido ma yana ganinsu. Adler ya nuna cewa zoben farko serin yake cinyewa yana bin inda ya saura, na biyu asfatet, na uku kuma tireyonin, shi ma tubalin gina furotin. Farantin ko'ina daidai yake da farko, su da kansu suka haƙa gangaren da suke bi, wato bambancin yawan abinci daga wuri zuwa wuri. Kuma ba duka suke tafiya daidai ba. A 1976 John Spudich da Koshland suka nuna cewa ƙwayoyi masu gado iri ɗaya, da suka tashi a ruwa ɗaya, kowace tana da halinta na saurin sabawa, kuma tana riƙe da shi har ta rabe biyu.

Kada a ɗauka dabarar E. coli ce ta kowa. Vibrio alginolyticus ta teku wutsiya ɗaya gare ta, sodiyam ne ke juya injinta, an kuma auna shi yana zagaya sau 1,700 a sakan. Takan yi gaba, ta yi baya, sannan ta fizge ta sauya fuska. A Bacillus subtilis ta cikin ƙasa saƙon a juye yake, abinci tayar da CheA yake yi. Wani binciken da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa Pseudomonas aeruginosa, idan tana rarrafe a kan abu, tana iya kwatanta kanta da bayanta. Wasu kuma sun haƙura da tafiyar ɗungurungum, saboda tsada gare ta: gina wutsiya da injinta da masu sansano yana bukatar ƙwayoyin gado kusan 50. Shigella mai jawo atuni, wadda ta fi kowa kusanci da E. coli, ba ta iyo. Ita kanta E. coli idan ta samu gulukos a wadace takan rage gina wutsiyoyi.

Likitoci suna da dalilin damuwa da wannan tafiya. Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005 saboda danganta ta da gyambon ciki, tana rayuwa ne a cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi. Tana gudun asid, tana bin sinadarin yuriya, har ta kai kusa da bangon inda tsamin asid ɗin ya yi sauƙi. Waɗanda aka lalata wa hanyar sansano ba sa iya kama wuri da kyau a tumbin dabbobin gwaji. Daga nan mutum zai iya cewa a makantar da kowace ƙwayar cuta a huta. Kwalara ta nuna cewa lamarin bai kai nan sauƙi ba. A 2004 Susan Butler da Andrew Camilli suka ga cewa Vibrio cholerae, ƙwayar da ke jawo kwalara, da ta rasa sansano, amma tana gudu santal ba sauya hanya, ta fi lafiyayyar yaɗuwa a hanjin jariran ɓeraye. Duk mai neman magani ta wannan ƙofa sai ya bi kowace ƙwaya da halinta.

A gona kuwa, tafiyar alheri ce. Duk wanda ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A fasa ɗaya da farce: idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Bakteriya ne a ciki, dangin da ake kira rizobiya, suna kama naitirojin na iska suna mai da shi takin da shuka ke sha, shi ya sa gonar da aka yi wake a cikinta take yi wa gero da dawa daɗi. Kafin su shiga sai sun iso, kuma saiwa ce ke kiran su: tana tsattsafo da amino asid (tubalan gina furotin) da sukari da wasu asid a ƙasar da ke kewaye da ita, su kuma suna bin gangaren da irin wancan kwatanci na yanzu da ɗazu. A wake ta gashin saiwa suke shiga, a gyaɗa kuma ta tsagar da ke gindin ƙananan saiwoyi. Gwaje-gwaje a kan dangin wake sun nuna cewa idan aka haɗa masu iyo da sansano da waɗanda suka rasa su, masu sansanon ne ke kame yawancin ƙullin.

Sai dai tafiyar gajeriya ce, ta milimitoci ko 'yan santimitoci, kuma sai da laima. A cikin ƙasa, bakteriya a siririn ruwan da ke manne da ƙwayoyin yashi take iyo; idan ƙasa ta bushe, ruwan yakan sirance har ya kasa ɗaukar jikinta, wutsiya ta zama ba amfani. Wannan ne dalilin da ya sa garin rizobiya da ake sayar wa manoman waken suya, irin Nodumax da cibiyar binciken noma ta IITA ke yi a Ibadan, ba watsa shi ake yi a gona kamar takin zamani ba. A jikin irin ake shafa shi, da ɗan ƙaro ko ruwan sukari don ya manne, a shanya a inuwa, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi, yadda saiwar farko za ta fito ta tarar da ƙwayoyin a tazarar da za su iya kaiwa.